Wa ya goge foldar bikin? Tsara folda da izini a na'urar ajiya ta NAS

Ga waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba, ga shirin na yau a rubuce kamar yadda muka saba.

Zan fara da wani abu da ya faru a gabana, domin shi ya sa na ɗauko wannan batu. Ina da wani aboki mai shagon ɗaukar hoto da bidiyon biki, ma'aikatansa shida. Da aiki ya yi masa yawa, ya gaji da yawo da filas daga wannan kwamfuta zuwa waccan, sai ya tara kuɗi ya sayi na'urar ajiya da ake haɗawa da netwok, wadda ake kira NAS. Wani ya zo ya jona masa, ya buɗe folda ɗaya babba, ya ce kowa ya riƙa zubawa a ciki. Akawun ɗaya ne, na admin, kalmar sirrin kuma an rubuta ta a takarda an manna a bango kusa da fanka.

Wata safiya ya kira ni, muryarsa na rawa. Ya ce, "Malam, foldar bikin makon jiya babu ita." Biki ne na kwana uku, kamu da ɗaurin aure da dina. Katunan kyamara an riga an share su an tafi wani aikin da su. Na je na duba, kwandon shara ma ba a kunna ba, babu kwafi a wani wuri. Abin da muka iya tsinta shi ne bidiyon dina da ke kan kwamfutar wani edita. Ɗaurin aure da kamu sun tafi. Shi da kansa ya je gidan iyayen amarya ya ba da haƙuri, ya mayar da kuɗi, kuma kun san irin wannan labari ba ya tsayawa a gida ɗaya.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Tun da kowa da akawun ɗaya yake shiga, babu yadda za a yi a san wanda ya goge. Sai zargi ya faɗa kan mafi ƙanƙanta, wani yaro da bai fi wata biyu da fara koyon aiki ba. Babu wanda ya ce masa kai ne, amma kallo ya canza, aka daina ba shi kyamara. Bayan 'yan makonni ya daina zuwa.

To wannan shi ne abin da izini yake hanawa. Bari mu bi shi a hankali.

NAS dai wani ɗan akwati ne, ƙaramar kwamfuta marar allo, da ramukan da ake zura faifan ajiya, galibi biyu ko huɗu a ƙananan wurare. Ana jona shi da rawuta ta waya, kuma ta burauza ake sarrafa shi. Kamfanoni biyu da aka fi jin sunansu su ne Synology da QNAP, dukansu daga Taiwan. Akwai kuma TrueNAS, manhaja ce kyauta da za ka iya ɗorawa a kan tsohuwar kwamfuta. Ni da Synology na fi sabawa, don haka sunayen maɓallan da zan ambata na manhajarsu ce DSM 7, wadda ta fito a 2021. Idan taka QNAP ce sunaye za su ɗan bambanta, amma tunanin ɗaya ne.

Abu na farko da ke rikita mutane: foldar tarayya ba irin foldar da ka saba ƙirƙira ba ce. Ita ce ta can sama, wadda take bayyana idan ka buɗe na'urar daga kwamfutarka. A kanta ake ɗaura izini, da kwandon shara, da iyakar girma, da sauran kariya. Foldojin da za ka buɗe a cikinta kuwa, na yau da kullum ne, kuma duk dokar da ke kan uwar ita suke bi. Saboda haka yadda ka raba foldojin tarayya tun farko shi ne rabin aikin.

Shi ya sa ranar da muka zauna gyara, ban bari abokina ya taɓa kwamfuta ba. Na ce ya kawo biro da takarda. Na tambaye shi, kar ka gaya mini sunayen mutane, gaya mini ayyukan da ake yi a shagon nan. Ya ce akwai masu ɗauka, su ne suke dawowa daga fili su juye abin da ke kati. Akwai editoci. Akwai wadda take zaune a gaba, tana karɓar kwastomomi tana ba su aikinsu, ita ce kuma take riƙe da lissafi. Sai shi. Daga nan foldoji huɗu suka fito da kansu: Danye, inda ake juye abin da aka ɗauko, Aiki, inda editoci suke yanka da haɗawa, Kammalalle, abin da aka gama za a ba mai shi, da Kudi, inda rasit da albashi suke. Za ku lura ban sa haruffa masu lanƙwasa ba a sunayen. Da gangan ne. Wata rana za ka buga adireshin foldar a wata kwamfuta da ba ta da ɗ ko ƙ a madanninta, sai ka tsaya kana neman yadda za ka yi. Gajeren suna, babu tazara, ya fi sauƙi.

Ƙirƙirar foldar kanta ba ta kai minti biyu ba. Ka shiga Control Panel, ka danna Shared Folder, ka danna Create, ka sa suna. Amma akwai 'yan akwatunan zaɓi a shafin farko da mutane suke tsallakewa da sauri, kuma a nan ne abokina ya ƙone. Akwai na kunna kwandon shara. Ka kunna shi, ka kuma zaɓi na ƙarƙashinsa da ke cewa masu gudanarwa kaɗai ne za su iya shiga kwandon. Idan ka yi haka, duk abin da aka goge zai koma wata folda mai suna #recycle, kuma wanda ya goge ba zai iya bin sa can ya ƙarasa shi ba. Sai dai ka tuna kwandon yana cin wuri, don haka ka sa masa jadawalin kwashewa, misali duk abin da ya wuce kwana 30.

Akwai wani akwati na ɓoye foldar daga jerin netwok. Wannan ba tsaro ba ne, labule ne kawai. Wanda ya san sunan foldar kuma yana da izini zai shiga, wanda ba shi da izini ko ya gan ta ba zai shiga ba. Wanda ya fi amfani shi ne na ɓoye ƙananan foldoji da fayiloli daga waɗanda ba su da izininsu, domin wani lokaci sunan fayil kaɗai ya isa ya haɗa rigima. Ka yi tunanin ma'aikaci ya ga fayil mai suna "waɗanda za a sallama".

Za ta kuma tambaye ka ko kana son a rufe foldar da makullin sirri. Ga foldar Kudi yana da kyau, domin ko ɓarawo ya ɗauke akwatin ba zai karanta ba. Amma ka ji ni da kyau: idan ka manta kalmar kuma ka ɓatar da fayil ɗin makullin, shi ke nan, ko kamfanin da ya ƙera na'urar ba zai buɗe maka ba. In ka san kai mai mantuwa ne, ka yi tunani sau biyu.

Yanzu ga zuciyar maganar. Kowane mutum ya samu akawun nasa da kalmar sirrinsa, amma kar ka ba mutum izini. Rukuni za ka ba. A User & Group muka buɗe rukunai uku: masu-dauka, editoci, da ofis. Muka ba kowane rukuni izininsa a kan foldojin nan huɗu, sannan muka jefa kowane ma'aikaci cikin rukunin da ya dace da aikinsa. Da mutum shida za ka ga kamar ɓata lokaci ne, me zai hana in bi su ɗaya bayan ɗaya? Ka jira shekara ta zagayo. Wannan ya tafi, wancan ya zo, an mayar da mai ɗauka edita, an ba wani izini na kwana biyu an manta ba a cire ba. A lokacin ba wanda zai iya gaya maka wa ke iya buɗe me. Da rukuni kuwa, sabon ma'aikaci ya zo, ka buɗe masa akawun, ka sa shi a editoci, an gama. Ya canza aiki, ka cire shi nan ka sa shi can.

Matakan izini uku ne a allon. Read only, wato ka gani ka kwafa amma ba ka canza komai. Read/Write, ka gani, ka rubuta, ka canza, ka kuma goge. Sai No access, an hana ka. A shagon, editoci sun samu karatu kawai a Danye, domin ba su da dalilin taɓa asalin abin da aka ɗauko, kwafa za su yi. A Aiki da Kammalalle suna da karatu da rubutu. Ofis na da karatu kawai a Kammalalle, da cikakken iko a Kudi. Masu ɗauka ba ruwansu da komai sai Danye.

To a nan ne tarkon yake, kuma ni kaina ya taɓa kama ni. Mutum yana iya zama a rukuni fiye da ɗaya, to idan izinin rukunan suka ci karo, wanne ke rinjaye? A DSM dokar ita ce: hani ya fi komai ƙarfi, sai karatu da rubutu, sai karatu kawai a ƙarshe. Wato idan rukuni ɗaya ya ba ka karatu, wani ya ba ka rubutu, ka samu rubutu. Amma idan ko ɗaya daga ciki an danna masa No access, an rufe maka ƙofa, ko da sauran duka sun buɗe.

Ga yadda abin yake cizo. Ɗaya daga cikin editocin shagon yakan fita ɗauka ranar Asabar, don haka muka sa shi a rukuni biyu. Da a ce mun danna wa masu-dauka No access a foldar Aiki, da wannan editan ya wayi gari ba ya iya buɗe aikinsa, alhali rukunin editoci ya ba shi dama. Maganin mai sauƙi ne: idan ba ka son rukuni ya shiga folda, kar ka danna masa komai, ka bar akwatunan duka a wofi. Wanda ba a ba izini ba dama ba zai shiga ba. Bambancin shi ne, wofi ba ya danne izinin da mutum ya samo daga wani rukuni, No access kuwa yana dannewa. Ni yanzu sai in yi shekara ban taɓa wannan akwatin ba.

Akwai kuma wani rukuni da na'urar take zuwa da shi mai suna users. Duk akawun da ka buɗe yana cikinsa, kuma ba ka iya fitar da kowa. Ka ba shi rubutu a wata folda, ka ba kowa da kowa, har da yaron da ya fara jiya. Ka danna masa No access, ka hana kowa, har da akawun ɗinka na yau da kullum. Na ga wanda ya yi haka da nufin ya kulle foldar lissafi, ya kulle kansa a waje yana ta zagin na'ura. Ka bar users a wofi, sai dai in kana da wata folda da da gaske ta kowa ce. Kuma a shafin izinin kowane mutum akwai layi mai suna Preview da ke nuna maka abin da ya samu a ƙarshe bayan an haɗa komai. Shi za ka riƙa kallo, ba abin da kake zato ba.

Mu koma Danye, domin ita ce foldar da ta jawo kuka. Masu ɗauka dole su iya zubawa, amma Read/Write ya haɗa da gogewa. Mu kuwa so muke su zuba, kar su iya cirewa. A nan ake amfani da zaɓi na huɗu, Custom. Idan ka buɗe shi za ka ga izinin ya rarrabu ƙanana: ƙirƙirar fayil, ƙirƙirar folda, gogewa, goge abin da ke cikin folda, da sauransu. Muka bar musu na ƙirƙira, muka cire guda biyun na gogewa. Daga ranar, abin da ya shiga Danye ya shiga ke nan, sai mai gida ya cire da akawun gudanarwa.

Amma yana da farashi, gara in faɗa muku. Wanda ba shi da ikon gogewa ba zai iya canza sunan fayil ko folda ba, kuma ba zai iya matsar da ita ba, domin a wurin na'urar waɗannan duka suna buƙatar izinin gogewa. A Windows idan ka buɗe sabuwar folda tana fara zuwa da suna na wucin gadi kafin ka sa naka, sai ka ga ta ƙi karɓa. Don haka muka koya musu su shirya foldar da sunanta a kan kwamfuta, kwanan wata da sunan biki, sannan su kwafe ta gaba ɗaya. Kuma kar ka kuskura ka yi wannan tsari a foldar da ake aiki da Word ko Excel. Waɗannan manhajoji idan za su adana sukan rubuta fayil na wucin gadi, su kawar da tsohon, su canza suna. Ka hana su gogewa, adanawa za ta riƙa ba da matsala, foldar ta cika da tarkace. Ga ma'ajiyar da ake zubawa a bari kawai ya dace.

Wani zai ce, to in ina son folda ɗaya a cikin Aiki ta zama ta mutum biyu kawai fa? Ana iyawa. A File Station ka danna dama a kan foldar, ka shiga Properties, ka je Permission. Za ka ga izinin da ta gada daga uwarta da launin toka, ba ka iya taɓa su sai ka yanke gadon tukuna, sannan ka sa naka. Akwai ma wani abu a wurin mai suna Permission Inspector, ka zaɓi mutum ya nuna maka dalla-dalla abin da zai iya. Shawarata dai, ka rage yin wannan. Izinin da aka binne a folda ta huɗu a cikin ta uku, bayan wata shida kai da ka yi ma ka manta. Idan abu yana buƙatar doka daban, yawanci alama ce cewa foldar tarayya tasa yake so.

Don kayan mutum na kansa kuwa, akwai tsari a shirye. A User & Group, ƙarƙashin Advanced, ka kunna hidimar gida. Kowa zai ga folda mai suna home wadda shi kaɗai ke gani. Mai gudanarwa zai ga wata mai suna homes, da s a ƙarshe, inda na kowa suke jere. Kar ka taɓa izinin homes, ka bar ta yadda ta zo. Kuma don Allah ka gaya wa ma'aikatanka gaskiya cewa mai gudanarwa yana iya ganin abin da ke ciki, kar wani ya zuba hotunan iyalinsa yana zaton sirri ne.

Sai haɗawa da kwamfutoci. Yaren da Windows da Mac suke magana da na'urar shi ne SMB, ana kunna shi a File Services. A Windows ka buɗe wurin fayiloli ka rubuta \\ sannan sunan na'urar ko lambar adireshinta, irin 192.168.1.20, ta tambaye ka suna da kalmar sirri. A Mac ka danna Command da K a Finder, ka rubuta smb:// da adireshin. Ka sa rawuta ta riƙe wa na'urar lamba ɗaya da ba ta canzawa, in ba haka ba duk ranar da aka ɗauke wuta aka dawo kana iya tarar da lambar ta sauya.

Matsaloli biyu ne suka fi sa a kira ni bayan an gama. Na farko, mutum yana da izinin folda amma ya kasa shiga. Sau da yawa ƙofa ta biyu ce a rufe: ban da izinin folda akwai izinin manhaja, inda ake cewa wane zai iya amfani da SMB, wane da File Station. Dole biyun su buɗe. Na biyu, Windows tana riƙe sunan wanda ya fara shiga, kuma ba ta yarda kwamfuta ɗaya ta haɗu da na'ura ɗaya da sunaye biyu a lokaci guda. A shagon, duk kwamfutocin sun haddace tsohon admin, sai da muka shiga Credential Manager muka goge shi a kowace ɗaya. In mutum biyu suna raba kwamfuta, kowa ya samu nasa akawun na Windows ɗin ma.

Wata rana tsohuwar firinta ko sikana za ta ƙi haɗuwa, wani ya ce maka ai sai ka kunna SMB1. Kar ka yi. Ta wani rami a wannan tsohon sigar ne cutar WannaCry ta bazu a watan Mayun 2017, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. DSM 7 a kashe take zuwa da shi, ka bar shi a kashe.

Wannan ya kawo mu kan akawun gudanarwa. Ka buɗe sabo da wani suna da ba admin ba, ka sa masa tabbaci mai mataki biyu, ka kashe tsohon admin da guest. Sannan kai mai gida ka buɗe wa kanka akawun na talakawa don aikin kullum. Abokina ya yi gardama a nan, ya ce kayana ne, don me zan rage wa kaina iko? Na ce masa cutar da ke kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa ba ta san kai ne oga ba. Idan ta shiga kwamfutarka, duk foldar da akawun ɗinka ke iya rubutawa ita ma za ta rubuta. In da akawun da ke buɗe komai kake yawo, ka ba ta shagon duka. In kuwa ta kama kwamfutar wadda ke gaba, iyakarta Kudi, Kammalalle ma sai kallo. Haka kuma kar ka buɗe ƙofofin na'urar ga intanet kai tsaye, irin 445 ta SMB ko 5000 da 5001 na shafin gudanarwa. Na'urorin da aka bari a fili su ne Qlocker ta bi a 2021, DeadBolt kuma a 2022, duka a kan QNAP, kamar yadda SynoLocker ta yi wa na Synology a 2014.

Izini yana rage yawan hannun da za su iya ɓarna, amma edita mai cikakken izini a Aiki har yanzu yana iya kuskure. Mutane da yawa suna cewa ai faifai biyu ne a ciki, ɗaya madubin ɗaya. Wannan madubin yana ceton ka ne idan faifai ya mutu. In ka goge fayil, a take yake gogewa a duka biyun. Abin da ke ceto shi ne sinafshot, wato na'urar ta riƙa ɗaukar hoton yadda folda take a wani lokaci, ka iya komawa jiya ko shekaranjiya. Yana buƙatar a tsara faifan da Btrfs, kuma ba kowane ƙaramin samfuri ke da shi ba, don haka ka duba kafin ka saya. Mun sa Aiki tana ɗauka duk awa, sauran sau ɗaya a rana. Bayan haka akwai faifan waje da ake kwafa a kai da Hyper Backup, abokina ya tafi da shi gida duk Juma'a. Da kuma ƙaramin UPS mai wayar USB, domin da irin wutarmu, yankewa a tsakiyar rubutu ba abin mamaki ba ne, shi kuwa zai sanar da na'urar ta kintsa kanta kafin batir ya ƙare.

Idan ma'aikaci ya bar aiki, a ranar ka dakatar da akawun ɗinsa. Kar ka yi saurin goge shi, domin foldarsa ta home tana iya bin sa, kuma wataƙila akwai aikin shago a ciki. Ka kwashe tukuna.

Abu na ƙarshe da muka kunna shi ne rajistar abin da ake yi ta SMB, wadda ke rubuta wane ya ƙirƙira, wane ya goge, wane ya matsar, da ƙarfe nawa, ana kuma karanta ta a Log Center. Bayan kamar wata huɗu abokina ya sake kira, wai foldar wani suna ta ɓace daga Aiki. Na ce kar ya tambayi kowa, ya buɗe rajista ya karanto mini. Ya yi shiru na ɗan lokaci. Ba a goge ta ba, an ja ta ne da linzami ta faɗa cikin foldar da ke kusa da ita, da ƙarfe 11 da 'yan mintuna na dare. Sunan akawun da ya yi kuwa nasa ne. Ya mayar da ita wurinta muna kan waya. Kafin ya kashe ya tambaye ni ko har yanzu ina da lambar yaron nan da ya tafi, na ce ina da ita, na tura masa.

A shiri na gaba za mu duba yadda za ka shiga na'urarka daga waje, kana wurin biki ko kana tafiya, ba tare da ka buɗe ta ga duniya ba. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan bi in amsa. Sai mun haɗu, a huta lafiya.